Daga Kwatarkwashi Zuwa Kakuri: Faman da Aka Sha Kafin Bindiga ta Iya Ɗura wa Kanta Harsashi

Idan ka taso daga Gusau ka nufi Tsafe, mai karatu, ba za ka yi nisa ba sai Dutsen Kwatarkwashi ya bayyana a gabanka. Yawancinmu kallonsa kawai muke yi ta tagar mota mu wuce. Amma a wannan yankin ne, a ƙarshen watan Fabrairun 1903, aka yi wata arangama da ta nuna wa kakanninmu cewa yaƙi ya sauya kama.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Turawan Ingila suka ci Kano, alhali Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar dawowa labari ya riske su. Sarki ya rabu da rundunar a Birnin Goga, shi kuwa Waziri Ahmadu ya ja wani ɓangare na mayaƙan ya ci gaba da nufar gida. A kusa da Kwatarkwashi suka yi kiciɓis da 'yan sintirin Turawa. Bisa lissafin su Turawan, wani Laftanar Wallace Wright da hafsa guda da sojoji 44, waɗanda baƙar fata ne 'yan'uwanmu, sun tsaya gaban dawaki 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon awa biyu. Waziri ya faɗi a fagen fama, shi ya sa har yau Kanawa ke ce masa Ahmadu Mai Shahada.

Ba jarumta Kanawa suka rasa ba. Mutumin da ya sako doki a guje ya nufi bakin bindiga ai ba a yi masa gorin zuciya. Abin da ya raba su shi ne saurin ɗuri. Mai bindigar toka sai ya zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma, ya saka dalma, ya danna da sanda, sannan ya harba. Shi ya sa ake mata kirari da harba-ka-ruga. Shi kuwa sojan Turawa albarushinsa da dalmarsa suna haɗe cikin kwanso guda, ta baya yake sakawa, kafin ɗan toka ya gama ɗuri ɗaya ya harba sau da yawa.

Duk da haka, bindigar da aka yi yaƙin Kwatarkwashi da ita ba ta ɗura wa kanta. Bayan kowane harbi sai soja ya sa hannu ya fitar da kwanson da ya ƙone, ya shigar da sabo. A daidai wannan lokacin, can a Turai da Amurka, injiniyoyi suna ta fama da tambaya ɗaya: yaya za a yi ƙarfin da ya fitar da harsashi ya zama shi ne zai ɗura na gaba? Sai da aka kwashe fiye da shekara 40 ana ƙera samfuran gwaji ana jefarwa kafin a samu amsa mai gamsarwa. Tarihin wannan faman nake son mu bi yau, kuma za ka ga yadda ya zagayo har Kaduna.

Me ke faruwa a cikin bututun bindiga?

Da zarar an taɓa kunama, albarushin da ke cikin kwanso sai ya kama wuta ya rikiɗe ya zama iskar gas mai tsananin zafi, sama da digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos. Wurin ƙarami ne, gas ɗin kuma yana neman faɗi, don haka sai ya matsa wa ko'ina. Don ka gane girman matsin, tuna da mai faci: iskar da yake ba tayar ƙaramar mota ba ta wuce 30 zuwa 35 a gejinsa. A irin wannan awon, matsin da ke cikin bindigar soja yana kaiwa wajen 50,000. Wannan matsin ne ke ingiza harsashi ya fita da gudun sama da mita 700 a sakan guda. Duk zaman harsashin a cikin bututu wajen kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne kawai.

A bayan kwanson akwai wani ƙarfe da ke toshe bututun, mu kira shi sakata, don aikinsu ɗaya da sakatar ƙofa. Dole sakatar nan ta kasance a kulle lokacin da matsi ke sama. In ta buɗe da wuri, kwanso ya fashe, wuta ta dawo fuskar mai harbi.

To dabarar da ake kira tsarin gas ita ce: a huda wata 'yar ƙofa a jikin bututu. Idan harsashi ya wuce ƙofar, sai kaɗan daga gas ɗin da ke bayansa ya bi ta nan ya daki fistin, irin dai fistin ɗin da ke cikin injin babur ko janareto. Fistin ya ture sakata ta buɗe, ta ja tsohon kwanso ta jefar, sifirin ya dawo da ita gaba, ta kwaso sabon harsashi ta kulle. A bindiga irin AK-47 wannan zagayen yana faruwa sau 10 a sakan guda.

Da jin bayani ka ce abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wuri uku. Na farko, a ina za a huda ƙofar? Ka ɗauka manomi ne zai ja ruwa daga babbar hanyar ruwa ta madatsar Bakolori. In ya buɗe kusa da bakin madatsa, ruwan ya zo da ƙarfin da zai cinye masa kunya. In ya buɗe can ƙarshe, wata rana ruwan ba zai kai gonarsa ba. Haka gas yake: kusa da kwanso matsi ya yi yawa, ya riƙa dukan ƙarafa har su karye, kusa da baki kuma harsashi zai fice matsin ya zube kafin fistin ya samu abin da zai ishe shi. Na biyu, yaya faɗin ƙofar zai kasance? Bambancin da bai kai kaurin farce ba yana iya raba bindiga mai aiki da mai cijewa. Na uku kuma, gas ba iska ce mai tsabta ba. Tafe yake da kunkunniya da zafi da sinadaran da ke jawo tsatsa.

Sai da toka ta kau

Wannan matsala ta uku ita ta hana kowa motsi na tsawon lokaci. Tsohon albarushi, irin wanda maharbanmu ke amfani da shi, idan ya ƙone fiye da rabinsa ba ya zama gas, toka da dauɗa yake zama. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan bindiga a hawan salla ya san irin hayaƙin da ke turnuƙe wuri. Irin wannan albarushin, kafin a yi harbi kaɗan ya toshe kowace ƙaramar ƙofa.

A 1884 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushin da ke ƙonewa kusan ƙurmus, ba hayaƙi sosai, ba toka. A shekarar ce kuma Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai jigida, wadda ke aiki da naushin da bindiga ke yi ta baya. Irinta Turawa suka ja zuwa Kano da Sakkwato a 1903. Sai dai Maxim kaya ce ta mutum da yawa. Abin da ake nema shi ne wadda soja ɗaya zai rataya a kafaɗa.

A 1889 wani maƙerin bindiga na Amurka, John Browning, ya lura da yadda ciyawa ke kwanciya a gaban bakin bindiga duk lokacin da aka harba. Ya ga cewa ƙarfi ne ke tafiya a banza. Daga nan ya fara gwaje-gwajen da suka haifar da bindiga mai jigida ta 1895, wadda ke da wani hannu a ƙarƙashin bututu da gas ke kaɗawa ƙasa da sama. In an girke ta ƙasa-ƙasa, hannun sai ya riƙa tonon ƙasa, har sojoji suka laƙaba mata suna mai haƙar dankali. Ta yi aiki, ta kuma tabbatar cewa gas zai iya.

Mayar da wannan dabara cikin ƙaramar bindigar kafaɗa shi ne aikin. Janar Manuel Mondragón na ƙasar Meksiko ya gwada, aka ƙera masa samfurinsa na 1908 a Suwizalan. Ƙira ce mai kyau, amma ba ta son laka, ba ta kuma son harsashin da ingancinsa ya ɗan gaza. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamusawa suka saye ragowar, suka ga ba za ta jure zaman ramuka ba, sai suka miƙa wa masu tuƙa jiragen sama, inda babu laka. Faransa ta ƙera tata a 1917, fiye da guda 80,000, ita ma kukan sojoji ɗaya ne: ƙofar gas na toshewa, sai an yi ta shara.

Tsoron huda bututu

Waɗannan abubuwa suka sa manyan hafsoshi a ƙasashe da yawa suka tsani a huda bututun bindiga. A ganinsu ƙofar za ta toshe, ko wuta ta cinye ta ta faɗaɗa, ko ta ɓata saiti. Suna da hujja, domin 'yar hular da ke gindin harsashin wancan zamani, wadda ke tayar da wuta, tana barin wani gishiri mai jan laima, ya haifar da tsatsa a duk inda gas ya bi.

Wani ɗan ƙasar Denmak, Søren Bang, ya kawo hanyar kauce wa hudar. Ya sa wani ƙoƙo a bakin bindiga, ta yadda idan harsashi ya fita, gas ɗin da ya biyo shi zai faɗa cikin ƙoƙon ya motsa shi. A takarda abin ya burge. A fili kuwa, ƙoƙon yana tara kunkunniya, yana da sassa ƙanana masu wuyar wankewa, ga shi ya ƙara nauyi a can ƙarshen bindiga, inda nauyi ya fi gajiyar da hannu.

A Amurka, John Garand ya fara aiki a masana'antar gwamnati ta Springfield a 1919. Samfurinsa na farko ma ba da gas yake aiki ba, da motsin 'yar hular gindin harsashi yake aiki. Da sojoji suka sauya irin harsashin da suke so, sai dabarar ta mutu, ya koma farko. Ya yi takara da John Pedersen, wanda tasa bindigar ke buƙatar a shafa wa kowane harsashi kakin zuma na musamman kafin ya fita lafiya. Sai a 1936, bayan shekara 17, aka karɓi bindigar Garand da sunan M1. Ita ma da tarkon gas a baki ta fito, ba huda. Da aka fara rabawa sojoji, sai matsaloli suka bayyana: dauɗa na taruwa a tarkon, sassan bakin na yin sako-sako, saiti na gocewa. A 1940 aka haƙura aka koma huda 'yar ƙofa kusa da bakin bututu. Abin da aka yi ta gudu shi ya zama maganin, aka ƙera M1 sama da miliyan 5.

Jamusawa sun fi kowa shan wahalar wannan tsoron. Da suka nemi irin wannan bindiga a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar soja ta gindaya sharuɗɗa uku: kada a huda bututu, kada wani ƙarfe ya riƙa motsi a saman bindiga, kuma in ta ƙi aiki a iya ɗura ta da hannu kamar tsohuwar. Kamfanin Mauser ya bi sharuɗɗan duka, ya fito da bindiga mai nauyi da sarƙaƙiya, ba a ƙera ko 7,000 ba aka tsaya. Kamfanin Walther ya yi biris da sharuɗɗa biyu na ƙarshe, tasa ta ɗan fi, amma ita ma tana ɗauke da ƙoƙon Bang da ciwonsa. Duka biyun ana ce musu G41. Da suka shiga Rasha a 1941 sai suka tarar da abokan gaba na riƙe da bindiga mai hudajjen bututu da ɗan gajeren fistin, tana aiki. Suka kwaikwaya, aka samu G43 a 1943. Sai an gwada akan san na ƙwarai, su kuwa hafsoshin sun yanke hukunci tun kafin gwaji.

Darasin da Rasha ta koya

Bindigar da Jamusawa suka kwaikwaya ita ce SVT-40 ta Fedor Tokarev. Tana da wani maɓalli mai matsayi biyar da ake juyawa don ƙara ko rage gas. Sojan da ya ƙware yana jin daɗinta, har Jamusawa in sun kama ta ba sa yarwa. Amma rundunar Rasha cike take da matasan ƙauye da aka kwaso aka ba horon 'yan makonni. A hannunsu, cikin sanyi da laka, maɓallin nan ya zama jidali. Aka rage ƙera ta aka koma wa tsohuwar bindigar hannu.

Da wannan darasin a zuciya aka shirya gasar ƙera sabuwar bindiga bayan yaƙi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne samfurin farko na Mikhail Kalashnikov, na 1946, bai burge alƙalan gwaji sosai ba. Yana da gajeren fistin da ke dukan sakata ya tsaya. Shi da abokin aikinsa Aleksandr Zaitsev suka sake ƙirar kusan gaba ɗaya a 1947, suka haɗe fistin da mariƙin sakata suka zama ƙarfe guda mai nauyi da ke tafiya tare har baya. A gasar akwai samfuran Bulkin da Dementiev. Ta Kalashnikov ba ta fi kowa saiti ba, amma da aka jiƙa su, aka tura su cikin yashi, aka ja su a ƙasa, ita ta fi ci gaba da harbi. A 1949 aka karɓe ta.

Sirrin nata ba wani boyayyen abu ba ne. An ba ta gas fiye da abin da take buƙata, yadda ko dauɗa ta taru akwai rarar ƙarfi. An bar sarari tsakanin sassanta, yadda yashi zai samu wurin zama bai cije komai ba. Ƙarfen da ke motsi yana da nauyi, in ya taso ba ƙaramin abu ke tsayar da shi ba. Kwanson harsashinta kuma tsukakke ne ta gaba, yana zarewa da sauƙi kamar turmi daga ƙasa mai laushi. Babu maɓallin gas da soja zai juya ya ɓata. Farashin da aka biya shi ne saiti: ƙarfe mai nauyi da ke kai da komo yana girgiza bindiga. Masu ƙirar sun san haka, suka zaɓa.

Hanyoyin Yammacin Turai

Ingila ta yi nata samfurin mai suna EM-2, gajeriyar bindiga mai gidan harsashi a bayan kunama, da wani matsakaicin harsashi sabo. A 1951 har an sanar da karɓarta. Amma Amurka ta dage sai ƙawancen NATO ya yi amfani da harsashi mai ƙarfi, gwamnati ta sauya a Landan, Winston Churchill ya dawo, aka soke. Ka ga nan ba gas ne ya kashe ta ba, siyasa ce.

Wadda ta ci moriyar wannan ita ce FAL ta ƙasar Beljiyam, ƙirar Dieudonné Saive. Ita tana da zobe a gaba da soja ke juyawa: in bindiga na da tsabta a bar rarar gas ta fice waje, in ta yi dauɗa a rufe a tura wa fistin. Dabara ce mai kyau ga sojan da aka horar. Sai dai sassanta a matse suke, kuma a ƙasashen hamada an yi kuka da yadda yashi ke cije ta, har Ingilishi suka yanka wasu 'yan kwaruruka a jikin mariƙin sakatar tasu don yashi ya samu wurin tserewa. Duk wanda ya san ƙurar hunturu a Zamfara, wadda ke shiga har cikin akwati a kulle, ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Jamus ta Yamma kuwa ta kauce wa gas ɗin gaba ɗaya. Bindigarta G3, wadda ta karɓa a 1959, wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu mirginawa ne ke jinkirta buɗewar sakata har matsi ya sauka. Ba ƙofa, ba fistin. Da FAL da G3 duk sun yi aiki a hannun sojojin Najeriya.

Ranar da aka sauya albarushi

Labarin da ya fi kowanne ɗaci shi ne na M16. Eugene Stoner ya cire dogon fistin, ya sa siririn bututu da ke kai gas har cikin mariƙin sakata, can ne yake faɗaɗa ya yi aikinsa. Bindiga ta yi sauƙin ɗauka, ta yi saiti. Amma kunkunniya da zafi yanzu suna sauka a tsakiyar injin, kuma an auna komai ne bisa wani irin albarushi guda.

A 1964 hukumomin sojan Amurka suka amince a sauya albarushin da wani iri da ya fi sauƙin samu da yawa. Sabon yana fitar da harsashi da gudun da ake so, sai dai matsinsa a daidai ƙofar gas ya fi na farko, ya kuma fi dauɗa. Bindiga ta riƙa gudu fiye da yadda aka tsara ta, wani lokaci har kusan harbi 1,000 a minti. Sakata na ƙoƙarin zare kwanso tun yana manne da bango. Ƙari a kan haka, ba a shafa wa mazaunin harsashi kurom mai hana tsatsa ba, an kuma tura ta dazuzzukan Biyetnam masu laima ba tare da isassun kayan shara ba, saboda an yi ta yaɗa cewa ba ta buƙatar wanki. Kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar musayar wuta, sai soja ya zura sanda ta baki ya bugo shi, tamkar ɗan toka. Sojoji sun mutu a haka. A 1967 wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya bincika, ya ɗora laifi mai yawa a kan yadda hukumar soja ta tafiyar da al'amarin. Aka ƙara nauyin ƙarfen da ke tare sakata a baya don a rage gudu, aka shafa kurom, aka gyara albarushi, aka raba kayan shara. Bindigar ta gyaru, jikokinta na aiki har yau.

Abin lura a nan, mai karatu: bindiga mai aiki da gas da harsashinta abu guda ne. Kamar injin da aka saita da wani irin mai ne, in ka sauya man, ka sauya injin ko da ba ka taɓa ko kusa ɗaya ba.

Yadda zancen ya iso Kaduna

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Beretta na Italiya ya riƙa ƙera M1 ta Garand. A 1959 suka gyara ta: suka rage tsawonta, suka mayar da ita kan harsashin NATO, suka sa mata gidan harsashi mai cin 20 maimakon 8 na da. Suka kira ta BM59.

A 1964 Najeriya ta kafa hukumar ƙera makamai ta DICON, wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ya gina mata masana'anta a Kakuri, Kaduna. Bindigar kafaɗa ta farko da aka shirya ƙerawa a can bisa lasisi ita ce BM59, kimanin 5,000 a shekara, tare da miliyoyin harsasai. Wato 'yar ƙofar nan da Garand ya yi ta gudu kafin ya haƙura ya huda a 1940, ita ce ma'aikata suka riƙa hudawa a Kakuri, shekara 60 da 'yan kai bayan Kwatarkwashi.

Masana'antar ta yi aiki sosai lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Da yaƙi ya ƙare sai ciniki ya faɗi, Jamusawa suka tafi, har ta kai hukumar na haɗawa da ƙera kayan farar hula don ta rayu. Daga baya aka karɓo lasisin FAL, aka kira ta NR-1. A 2006 aka nuna samfurin OBJ-006, wadda AK-47 ce aka kwaikwaya aka sa mata sunan Shugaba Obasanjo. A 2018 aka sa hannu da kamfanin makamai na gwamnatin Folan kan bindigar Beryl, ita ma jikar AK ce. A 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar hukumar.

In ka duba jerin nan za ka ga tarihin da muka biyo ne gaba ɗaya ya ratsa ta Kakuri: Garand, Saive, Kalashnikov. Za ka kuma ga cewa duka ƙirar wasu ce. Wannan ba abin kunya ba ne, Jamus da kanta ta kwaikwayi Rasha. Amma Jamusawa sun iya kwaikwayo cikin ɗan lokaci ne domin suna da masana'antar ƙarfe, da masu haɗa albarushi, da injiniyoyin da suka riga suka faɗi sau da yawa suka san dalilin faɗuwar. Zanen bindiga ana iya sayensa. Abin da ba ya zuwa cikin akwati shi ne ƙarfen da ingancinsa ba ya sauyawa daga wata zuwa wata, da albarushin da na bana da na baɗi matsinsu ɗaya, da filin gwaji inda za a harba dubban harsasai cikin ƙurar hunturu da laimar damina a rubuta duk abin da ya faru. Gwamnatin Amurka ta biya Garand albashi shekara 17 kafin ta ga abin da take nema. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙasar da ke tuna masana'antarta sai yaƙi ya taso kullum za ta riƙa saye a hannun wasu, da farashin da suka ga dama, a lokacin da suka ga dama.

Akwai ɗaya gefen da mu 'yan wannan yanki ba ma buƙatar a ba mu labari. Siffofin da suka sa AK ta ci gasar 1947, wato rarar gas, sarari ga yashi, rashin buƙatar horo, su ne suka sa take daɗewa a hannun wanda bai taɓa shiga bariki ba. An ƙera ta ne don matashin ƙauye da ba shi da lokacin koyo, ta kuma yi daidai da hakan fiye da yadda masu ƙirar suka zata. Bindigar da ta yi shekara 40, ta ratsa yaƙe-yaƙe, ta bi hamada bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, tana iya isowa dazukanmu ta ci gaba da aiki da ɗan man inji da tsumma. Ba ta ruɓewa da kanta cikin 'yan shekaru. Shi ya sa duk wani shirin zaman lafiya da bai ƙunshi tattara makamai, da ƙirga su, da lalata su, da toshe hanyar harsashi ba, ya bar baya da ƙura. Harsashin ma ya fi muhimmanci, domin shi ne ke ƙarewa, kuma kamar yadda muka gani, ba abu ne da ake haɗawa a maƙera ya yi daidai ba.

Manoman Tsafe da Bungudu da suka bar gonakinsu na nesa saboda fargaba ba su san Zaitsev ko Bulkin ba, amma sakamakon wancan gwajin yashi na 1947 yana cikin abin da ya hana su noma. Wata rana in ka bi hanyar Gusau ka hangi dutsen, ka tuna cewa a 1903 sojoji 44 da ke ɗuri da hannu sun tare runduna guda a wurin, kuma bindigar da ke yawo a dazukan yankin yanzu tana zubar da harsashi 30 cikin sakan uku.